Boga A Ƙasar Waje: Tambayoyi Uku Kafin A Kai Loma Baki

Jarrabawa ta zo ƙarshe, dogon hutu ya ƙarato, kowa ya fara lissafin inda zai yi shi. A kowane hutu akwai gidajen da Allah Ya hore wa iyaye su ɗebi 'ya'ya a tafi Umara, ko a leƙa Dubai, Alƙahira, Istanbul ko Landan. Wasu ziyarar 'yan uwa ke kai su, wasu rakiyar mara lafiya asibiti, wasu kuwa shan iska kawai. Idan aka koma makaranta aka zauna hira, za ku lura labarin gidan tarihi da na tsofaffin masallatai ba ya daɗewa. Labarin da ke cin lokaci shi ne na abinci: wace boga aka ci, a wane kanti, tsayinta hawa nawa ne.

Mun san yawancinmu a gida za mu yi hutun, ko a ƙauye wajen Kaka. Kada wanda ba shi da fasfo ya juya shafi. Maganar yau akwai tarihi a ciki, akwai lissafi, akwai labarin ƙasa, kuma duk abin da za mu faɗa yana da amfani ko a Kano, Kaduna ko Abuja aka shiga gidan abinci. Shawararmu guda ce: duk wanda aka ajiye wa faranti a baƙuwar ƙasa ya yi tambayoyi uku kafin ya kai loma baki. Me ke ciki? Nawa ne da kuɗinmu? Su 'yan garin me suke ci?

Asalin boga

Boga dai zagayayyen burodi ne da ake tsagawa gida biyu, a sa niƙaƙƙen naman da aka gasa a tsakiya, a ƙara latas da tumatir da albasa, wani lokaci da cuku da bama. Cikakken sunanta hamboga. Wasu na jin sunan sai gabansu ya faɗi, domin “ham” da Turanci naman cinyar alade ne. Amma sunan ba daga nan ya fito ba, daga birnin Hamburg na ƙasar Jamus ya samo asali, kuma naman saniya aka saba yin ta da shi.

Amurka ce ta mayar da ita abincin gaggawa. A 1921 aka buɗe White Castle a birnin Wichita na jihar Kansas, inda ake sayar da ƙananan boga da arha. A 1940 wasu 'yan uwa biyu, Richard da Maurice McDonald, suka buɗe nasu wurin a San Bernardino ta jihar Kalifoniya, daga baya suka tsara kicin ɗinsu kamar masana'anta: wannan na gasa nama, wancan na yanka burodi, wani na naɗewa. Wani ɗan kasuwa mai suna Ray Kroc ya ga tsarin, ya buɗe reshe a jihar Illinois a 1955, daga nan McDonald's ya bazu a duniya. Har yau kamfanin ba shi da reshe a Najeriya, ko da yake yana Masar da Maroko da Afirka ta Kudu. Shi ya sa yaranmu da yawa, da an sauka daga jirgi, alamar nan mai ruwan ɗorawa suke fara nema, don sun daɗe suna ganin ta a waya da talabijin.

Tambaya ta farko: me ke ciki?

Suna ɗaya ne a saman ƙofa, amma abin da ke cikin burodin yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa. A Indiya, McDonald's ba ya sayar da naman saniya ko na alade, sai kaza da kifi da wata boga ta dankalin Turawa mai suna McAloo Tikki. A ƙasashen Larabawa an san McArabia, wadda ake naɗe kaza a cikin gurasa. Don haka kada ku ce tunda kun ci a Jidda, to na Landan ma haka yake.

A Saudiyya, Dubai, Masar da Turkiyya galibi hankali kwance yake game da yanka. Duk da haka a Dubai akwai otal-otal masu lasisin dafa naman alade, kuma wasu manyan kantuna suna da sashe na daban da aka rubuta cewa na waɗanda ba Musulmi ba ne. A Malesiya ana duba tambarin halal na hukumar JAKIM a jikin ƙofa ko bango. A Ingila kuwa sai an buɗe ido sosai. McDonald's na can ba ya ikirarin namansa halal ne. KFC da Nando's suna da wasu rassa na halal, wasu kuma ba haka ba, kuma rassan biyu kan iya kasancewa a gari ɗaya. Ana gane su da takardar shaida da ake liƙawa, irin ta hukumomin HMC ko HFA. Batun cin yankan Ahlul Kitabi malamai sun yi bayani a kai, kowane gida kuma da abin da ya tsaya a kansa. Wannan ba hukuncin yaro ba ne. Ku tambayi Abba ko Umma, ku bi abin da suka ce.

Akwai kalmomin da ya kamata kowane ɗalibi ya haddace kafin ya hau jirgi. Da Turanci: “pork”, “bacon”, “ham” da “lard”, na ƙarshen kitsen alade ne. Da Faransanci: “porc”, “jambon” da “lardons”. Da Jamusanci “Schwein”, da Turkanci “domuz”, da Larabci kuwa kun san “khinzir”. Sau da yawa naman bogar na saniya ne, amma sai a shimfiɗa siririn yankan alade a kai don ƙarin ɗanɗano. Cire shi da hannu bayan an kawo ba ya magance komai, domin maiƙonsa ya riga ya ratsa.

Har abin da ba nama ba yana bukatar tambaya. Soyayyen kifi da dankali da Ingila ta shahara da shi, wasu wuraren da giya suke kwaɓa fulawar da ake tsoma kifin, wasu kuma da kitsen saniya suke suya. A Amurka, a 2002 McDonald's ya amince ya biya dala miliyan 10 tare da ba da haƙuri, bayan mabiya addinin Hindu da masu ƙaurace wa nama sun kai ƙara cewa ana sa ɗanɗanon naman saniya a soyayyen dankali ba tare da an bayyana musu ba. Kun ga ke nan ba mu kaɗai ne masu tambaya ba, kuma ba abin kunya ba ne. Ita kanta bogar kifi da ake kira Filet-O-Fish, wadda Musulmi da yawa kan fake da ita a Turai, an ƙirƙiro ta ne a 1962 a birnin Cincinnati saboda Kiristoci 'yan Katolika da ba sa cin nama ranar Juma'a. Matambayi ba ya ɓata.

Sai batun dahuwa. A gidajen abincin da ake zama a kawo wa mutum, musamman a Turai da Amurka, ma'aikaci kan tambaya yaya za a gasa naman. Amsar ita ce “well done”, wato ya gasu har ciki. Ga dalili: ƙwayoyin cuta suna zama ne a bayan tsokar nama, inda wuta ke fara kashe su. Amma idan aka niƙa nama, abin da ke waje ya shige ciki. Shi ya sa masana ke cewa zafin tsakiyar niƙaƙƙen nama ya kai digiri 71 a ma'aunin Salshiyos. A 1993 an yi wata annoba a Amurka sanadin bogar da ba ta gasu ba, mutane ɗaruruwa suka kwanta, yara huɗu suka rasu. Idan kun gutsira kuka ga tsakiyar jajir, ku mayar cikin ladabi a ƙara gasawa. Wanda kuma jikinsa ba ya son gyaɗa, riɗi, madara ko ƙwai, ya faɗa tun kafin a haɗa, domin burodin boga da yawa akwai riɗi a samansa.

Tambaya ta biyu: nawa ne da kuɗinmu?

Nan ne darasin lissafi ya shigo. Lamba a jikin allo tana da yaudara. Yaro ya ga 25 sai ya ce ai arha ce, ya manta ba naira ba ce. Riyal ɗin Saudiyya an ɗaure shi da dala: riyal 3.75 shi ne dala ɗaya. Dirhamin Dubai kuma kusan 3.67 ne a dala ɗaya. To mu yi misali. A ƙaddara dala tana naira 1,500, riyal ɗaya ya zama naira 400 ke nan. A ƙaddara boga da dankali da lemo sun kama riyal 25. Naira 10,000 ke nan a kan mutum ɗaya. Idan ku shida ne a gidan, zama ɗaya ya ci naira 60,000. Idan aka yi haka sau biyu a rana har kwana goma, an kashe naira 1,200,000 a kan abincin gaggawa kawai. Ku tuna mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Najeriya a 2024 naira 70,000 ne a wata.

Ba mun kawo wannan don mu hana ku jin daɗi ba ne. Mun kawo shi don ku fahimci shirun da Abba kan yi a gaban kanta idan kowa ya fara nuna hoto mafi girma a allo. Iyaye da yawa ba za su ce babu ba a gaban mutane, sai dai su rage wani abin, wata ƙila tsarabar Gwaggo ko ta Kaka. Yaron kirki shi ne wanda zai tambaya a hankali, “Abba, wanne zan ɗauka?” kafin ya buɗe baki ga mai sayarwa. Babbar yaya ko babban wa kuma aikinsa ne ya ja kunnen ƙanne tun a masauki.

Akwai kuma kuɗin da ba a gani sai a rasit. Saudiyya na karɓar harajin VAT kashi 15 cikin 100 tun 2020, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kashi 5 tun 2018. A Amurka farashin da ke allo bai haɗa da haraji ba, sai wajen biya ake ɗorawa, kuma idan wurin zama ne da ma'aikaci ke hidima, al'adarsu a ba shi tukwicin kashi 15 zuwa 20 cikin 100. Abincin filin jirgi da na kantunan da ke gab da wuraren yawon buɗe ido ya fi tsada. Sau da yawa tafiyar minti goma zuwa cikin unguwa tana rage kuɗin sosai.

Ga wani abin sha'awa ga masu son darasin tattalin arziki. Tun 1986 mujallar The Economist ta Ingila ke kwatanta farashin boga ɗaya, Big Mac, a ƙasashe daban-daban, don a gane kuɗin wace ƙasa ya yi ƙarfi, na wace ya yi rauni. Tunda kayan haɗin kusan iri ɗaya ne a ko'ina, bambancin farashi yana ba da labarin darajar kuɗi da albashi da kuɗin haya. Ashe ko a cikin burodi akwai karatu.

Jiki ma yana da nasa lissafin. Big Mac ɗaya tana da kalori kimanin 500 zuwa 600, ban da dankali da lemo. Gwangwanin Coca-Cola mai mililita 330 yana ɗauke da sukari giram 35, alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce babban mutum kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, gishiri kuma kada ya kai giram 5. Saudiyya ta wajabta rubuta kalori a jerin abinci tun 2019, Ingila ta bi sahu ga manyan gidajen abinci a 2022. Lambobin nan da ke gefen farashi ba ado ba ne, ku karanta su. Wasu wuraren ana barin mutum ya sake cika kofin lemo kyauta. Kyautar ba ta hana ciwon ciki, kuma mai ɗawafi ko mai yawo a rana ruwa ya fi bukata.

Tambaya ta uku: su 'yan garin me suke ci?

Wannan ita ce tambayar da muka fi so ku riƙe. Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilmi. Wanda ya yi awa biyar ko shida a jirgi, ya sauka ya ci abin da ya saba gani a waya kaɗai har ya dawo, ya bar rabin tafiyarsa a can. Kowane gari yana da nasa abincin gaggawa, wanda ɗalibai da direbobi da ma'aikata ke ci kullum, kuma yawanci ya fi arha, ya fi ƙosarwa.

A Saudiyya duk alhazanmu sun san Al Baik, wanda aka kafa a Jidda a 1974. Soyayyar kaza ce da miyar tafarnuwa, kuma dogon layin da ke ƙofarsa a Makka da Madina ya isa shaida. Sai a 2021 ya buɗe reshe a Dubai Mall. Amma kada a tsaya nan. Da safe ku nemi ful da tamis, wato dafaffen wake da faffaɗar gurasa mai zafi daga tanderu. Ku ɗanɗana mutabbaƙ, siririyar fulawa da ake naɗe ƙwai da nama a ciki a soya. Da rana akwai kabsa, mandi da shinkafar Bukhari, waɗanda ake zubowa a babban faranti kowa ya sa hannu, kamar dai a gida. A kusa da Harami shaguna da yawa kan ja ƙofa idan an kira salla, don haka a tsara lokacin cin abinci.

A Alƙahira sarkin abincin titi shi ne koshari: shinkafa da makaroni da wani ƙaramin wake da suke kira adas, a zuba miyar tumatir, a barbaɗa soyayyar albasa, mai son yaji ya ƙara shatta. Babu nama a ciki, amma kwano ɗaya ya isa ya riƙe mutum yini. Akwai ta'amiya, 'yar uwar ƙosanmu, sai dai cikinta kore ne saboda ganyen da ake niƙawa tare da waken. Akwai hawawshi, gurasa da ake cusa wa niƙaƙƙen nama da albasa da barkono a gasa. Duk mai son boga zai so hawawshi.

A Istanbul akwai doner, naman da ke juyawa a tsaye a gaban wuta ana yankowa, dangin shawarmar da muka sani. Akwai simit, burodi mai siffar zobe da aka lulluɓe da riɗi, ana sayar da shi a jajayen kekuna a bakin titi. A Eminonu, kusa da gadar Galata, ana sayar da gasasshen kifi a cikin burodi da albasa. A dandalin Taksim kuma akwai wata ƙaramar boga da suke jiƙawa da miyar tumatir da tafarnuwa, su ajiye ta a akwatin gilashi mai tururi. Jiƙaƙƙiyar boga suke kiranta da yarensu.

A Dubai, bayan manyan kantuna masu sanyi, akwai ƙananan shagunan unguwar Deira inda ake shan shayin karak mai madara da kayan ƙamshi, a ci shawarma ko gurasar Indiya da ake kira paratha. A Malesiya kuwa masu tebur a bakin titi da daddare suna yin bogar Ramly, wadda ake naɗe naman a cikin wainar ƙwai kafin a sa a burodi. Kun ga yadda kowace al'umma ta karɓi baƙon abinci ta sa masa rigar gida.

Yaya ake gane wurin kirki? A duba inda 'yan gari suka yi layi, musamman iyalai da yara. Inda ake ciniki da yawa abinci ba ya kwana. A zaɓi abin da aka dafa a gaban ido aka miƙo da zafinsa. A wanke hannu, a sha ruwan roba idan ba a tabbatar da na famfo ba. Sannan a fara da kaɗan: a sayi kala biyu ko uku a raba, kowa ya ɗanɗana, wanda ya yi daɗi a ƙaro.

Ladabi ba ya bukatar biza

A yawancin wuraren nan babu mai kwashe kwano. Idan an gama, mutum ne zai ɗauki tirensa ya zubar da shara a inda aka tanada. A bi layi, a gaishe da mai sayarwa, a yi godiya ko da kalma ɗaya ce ta yarensu: “shukran” a ƙasashen Larabawa, “terima kasih” a Malesiya. Kada a ɗauki hoton mutane suna cin abinci ba da izininsu ba. Idan abu bai yi wa bakinku daɗi ba, kada a yatsina fuska ko a yi tsaki, abincin wasu ne da suke ƙauna kamar yadda muke ƙaunar tuwo da miyar kuka. Abin da ya rage a ce a ƙunsa a tafi da shi masauki, almubazzaranci ba ya zama halal don an canza ƙasa.

Ku kuma tausaya wa manya. Bayan kwana uku da burodi da kaza, za ku ji Hajiya Kaka ta fara cigiyar tuwo. A Makka da Madina ba a rasa 'yan uwanmu Hausawa masu sayar da shi. Ranar da aka ce yau tuwo za a ci, kada a ɓata rai. Ku kun samu naku, su ma a bar su su samu nasu.

Idan kuma an dawo gida, a ba da labari don a ƙaru, ba don a nuna wa aboki cewa an fi shi ba. Wanda ya yi hutunsa a Kano ya ci gurasa da tsire, ko ya je Bauchi ya ci masa, ko aka kawo masa kilishin Maraɗi, shi ma yana da labarin bayarwa. Baƙon da zai zo daga Istanbul irin wannan abincin zai nema a wurinmu.

Aikin gida na wannan mako kashi biyu ne. Masu tafiya su riƙe ɗan littafi, su rubuta sunan duk sabon abincin da suka ci, abin da aka haɗa shi da shi, da farashinsa da kuɗin ƙasar da kuma naira. Masu zama gida su zaɓi abincin titi guda ɗaya na garinsu, su tambayi mai sayarwa ko wani dattijo yadda ake yin sa da inda ya samo asali, su rubuta kamar za su bayyana wa baƙon da bai taɓa gani ba. Ku aiko mana da abin da kuka rubuta tare da sunan makarantarku da ajinku, za mu buga waɗanda suka yi fice a wannan shafi.

Allah Ya kai matafiya lafiya Ya dawo da su lafiya, Ya sa albarka a hutun kowa. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.